Sunan da Ramatu Ba Ta Kira Ba

Tun ranar da na dawo daga jihar Kabi ban samu na sha shayina da zafinsa a ofishin malamai ba. Wannan ta ce in ba ta labarin hanya, waccan ta ce ina albasarta, Malam Tijjani kuwa tambayarsa ɗaya kullum, wai da gaske ne can ma malaman jinya suna rigima a kan maki kamar yadda muke yi a nan Kano. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Duk wanda ya sake tambayata zan miƙa masa takardar nan ya karanta da kansa.

Wata makarantar koyon aikin jinya mai zaman kanta a Jega ce ta gayyace ni in zama ta uku cikin masu jarraba ɗalibanta a aikace. Dalilin gayyatar shi ne malamansu biyu da ke ba da maki ba su taɓa haɗuwa a lamba ɗaya ba. Ɗalibi ɗaya, aiki ɗaya, gado ɗaya, amma in ka ga takardunsu sai ka rantse mutum biyu aka jarraba a garuruwa biyu. Aka ce in zo in zama ma'auni. Na ji daɗin kalmar, har na sayi sabon biro.

Na kwana a Sakkwato wurin 'yar ƙanwata, da safe na shiga motar Jega. Mu huɗu a baya, da wata tsohuwa mai ƙwaryar fura a cinya, wadda ta gyara mini magana tun kafin mu fita tasha: wai hura ake cewa, mu Kanawa ne muka lalata sunan. Bayan Tambuwal, wajen iyakar jihohin biyu, aka tsayar da mu a shinge, wani jami'i ya ce a buɗe jakunkuna. Ni kuwa na manta cewa na taho da hannun roba da muke koya wa ɗalibai allura a kansa, na naɗe shi a tsohon ɗankwali don kada ya karce. Mutumin ya zura hannu ya jawo yatsu biyar. Ya ja da baya yana salati, direba ya ce shi wallahi a tasha kawai ya ɗauke ni. Sai da na fito da katin aikina, na lanƙwasa yatsun gaba da baya a gaban kowa, sannan aka bar mu muka wuce. Tsohuwar nan ba ta gamsu ba. Mun kusa Aliero ta matso kunnena ta ce, “Hajiya, tsakaninki da Allah, hannun wa na?” Daga nan har Jega ba ta sake miƙo mini furar ba.

An sauke ni a unguwar Firchin, gidan shugabar makarantar, wata dattijuwa mai suna Hajiya Kulu. Ɗakin tsaf, da bokitin ruwa da fanka mai juyawa in ta ga dama. Gaisuwar gidan ce ta kusa kayar da ni. A Kano in an tambaye ka gajiya da iyali an gama. A can sai an bi hanya, an bi rana, an bi waɗanda ka baro, a yi shiru kamar an kammala, sannan a sake ɗaukowa daga farko. Ina riƙe da cokali har miyar ta huce.

Muna cin abinci Hajiya Kulu ta kawo zancen wata ɗaliba, Ramatu. Na ɗaure fuska na ce ni ba a yi mini kamun ƙafa. Ta ce ba roƙo take ba, so take kawai in san abin da ke gabana. Ramatu matar aure ce daga Andarai, 'ya'yanta huɗu, uwar mijinta ke riƙe da su tun da ta fara karatu. Ɗakin shan maganin ƙauyensu babu ma'aikaciya mace ko ɗaya, kuma matan can sun gwammace su yi ta fama a ɗaka da su kwanta gaban namiji. Ita suke jira. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar aikace. Karo na farko an rubuta mata cewa tana da nawa. Ta koma ta koyi sauri, karo na biyu wani malamin ya rubuta cewa tana da gaggawa. Ƙa'idar makarantar kuwa sau uku ne. In ta faɗi wannan, ta tattara kayanta ta koma gida.

Da safe na haɗu da abokan aikina. Malam Sahabi ɗan garin ne, dogo, mai sanyin murya, yana riƙe takardar maki kamar an ba shi ajiya. Sista Rahila daga Zuru take, gajera, da agogo rataye a ƙirji, ba ta kallon ɗalibi sai ta fara kallon agogon. Sun gaisa da juna da ladabi mai yawa, irin na mutanen da suka daɗe ba sa shiri. Tsarin mai sauƙi ne: kwana uku, wuri uku, kowane aiki maki ashirin, a haɗa namu a raba uku, goma ita ce tsira.

Aikin Jega shi ne yi wa majiyyaci wanka a gado, kuma majiyyacin mutum-mutumin roba ne da ɗalibai ke kira Alhaji. Da aka kira Ramatu sai na ga mace siririya, ta haura talatin. Ta yi sallama a bakin labule. Ta tsaya kamar tana jiran a amsa. Ta durƙusa ta gai da Alhaji, ta tambaye shi jiki, ta tambaye shi kwanan masu jinya, ta nemi izininsa, ta ja zani ta rufe shi har wuya, sannan ta riƙa buɗe gaɓa ɗaya tana wankewa tana mayarwa. Aikin ya yi kyau, ban ga inda ta tsallake ba. Sai dai lokaci ya cika tana ƙafar hagu.

Sista Rahila ta ba ta bakwai. Ta ce minti uku cur aka kashe ana gai da roba, kuma a ɗakin da nas ɗaya ke da gado ashirin wannan gaisuwar sai ta kai su la'asar. Malam Sahabi ya ba ta sha takwas. Ya ce maras lafiya rabin warakarsa a gaisuwa take, kuma shi bai taɓa ganin wanda ya suturta Alhaji haka ba. Ni na ba ta sha biyu. Zan faɗa muku gaskiya tunda mu kaɗai ne: na leƙa takardunsu biyu kafin in rubuta, na nemi wurin da babu wanda zai harare ni.

Wadda ta biyo bayanta wata 'yar gayu ce, ko uffan ba ta ce wa Alhaji ba. Ta kama shi ta wuya ta juya, ta gama komai da sauran minti biyu. Sista Rahila ta ba ta sha bakwai, Malam Sahabi ya ba ta shida ya ce ko tunkiya ba a yi wa haka. Na sake ba da sha biyu. A ranar na fara zargin cewa aikin ma'auni bai kai wahalar da na zata ba.

Washegari muka tafi Aliero a motar makaranta, ɗalibai a baya, mu a gaba. Tun kafin ka ga garin hancinka ya isa. Albasa a buhu, albasa a ƙasa, albasa a kan mashin har ba a ganin mai tuƙin. Garin kuma ya yi suna da masu ɗori, har daga nesa ake kawo musu karaya, don haka ƙaramin asibitin da aka ba mu aro yana samun waɗanda ƙashinsu ya haɗu amma gyambo ya rage. Aikin ranar wankin ciwo ne, a jikin mutane na gaske.

Waɗanda aka jarraba da safe sun sha wuya. Dukkanmu idonmu a buɗe, ko audugar da ta faɗi sai mun rubuta. Da azahar dangin Malam Sahabi suka aiko da tuwon shinkafa da miyar kifi, kifin da ban san akwai irinsa a arewa ba. Na ci har na ji kunya, na ƙara. Bayan nan kowa ya zama mutumin kirki. Ɗaliban yamma sun sami makin da na safe ko a mafarki ba su gani ba, kuma babu abin da suka fi su da shi sai tuwon da ke cikinmu.

Ramatu ta faɗo a yamma. Majiyyacinta wani manomi ne mai gyambo a ƙwauri. Ina tuna ta wanke hannu, ta sa safar hannu. Abin da na sake tunawa shi ne muryar Sista Rahila tana cewa yarinyar ta gyara hijabinta da hannun da ke cikin safa, sannan ta taɓa bandeji. Malam Sahabi ya ce bai gani ba, kuma gaskiya ya faɗa, domin a lokacin ya gano ƙanin manomin surukin abokinsa ne, suna tsakiyar gaisuwa. Suka juyo gare ni su biyu. Ni kuwa kujerar mai jingina ce, iska kuma na shigowa ta taga. Na gyara gilashina na ce ta taɓa, amma ba sosai ba. Sista Rahila ta dube ni ta ce, “Hajiya, ƙwayar cuta ba ta san ba sosai ba.” Aka haɗa aka raba, Ramatu ta tsira da sha ɗaya.

Rana ta uku sai Maiyama. Hanyar ba ta da nisa, amma mun yi tsaiko saboda garken shanu da ya cika titi, makiyayin kuma ya ɗaga mana sanda alamar mu yi haƙuri, bai ƙara sauri ba. A nan na waiga na ga Ramatu tana karanta littafinta, leɓenta na motsi. Na tambaye ta ko ta karya. Ta ce in ta ci ba ya zama, sai an gama. Na ji tausayinta ƙwarai, na juya gaba don kada ta gani a fuskata.

Aikin Maiyama shi ne ba da magani, kuma ya bambanta da sauran. A takardar akwai layi ɗaya da aka ja wa jan biro: ɗalibi ya kira cikakken sunan majiyyaci da murya kafin ya ba shi komai. Wannan layin ba a raba shi uku. Sai biyu cikinmu sun yi masa alamar an yi, in ba haka ba ɗalibi ya faɗi gaba ɗaya, ko da sauran aikinsa ya fi na likita.

Ɗakin maza ne, gado shida. Nas ɗin da ke kula da ɗakin mun ce ta fita waje don kada ta taimaka wa ɗalibai da ido. Malam Sahabi ya ɗauko kati daga tebur, ya kai mu gadon wani tsoho mai farin gemu da ke jingine da bango, ya miƙa wa Ramatu katin. Allurar ciwon suga ce aka rubuta. Ta wanke hannu, ta gaisa a gajarce, domin ta koyi darasin agogo, ta duba katin. Sai ta tsaya. Bakinta ya buɗe ya rufe. Ta dubi ƙasa.

Malam Sahabi ya leƙa katin ya raɗa mini cewa Usman aka rubuta, kuma sunan uban mijinta ke nan. Na gane nan take. Mu ma muna da wannan kunyar, kakata har ta rasu ba ta taɓa furta sunan surukinta ba, ko a bakin wani ta ji sai ta sunkuyar da kai. Amma a Kano abin ya yi sanyi, yaran yanzu sunan miji ma suna ƙwala shi daga kicin. A Andarai bai yi sanyi ba. Matar nan ta fi shekara goma sha biyar ba ta bar kalmar ta fito daga bakinta ba, ga shi yanzu an ce ta faɗe ta da ƙarfi a gaban maza shida. Sista Rahila ta dubi agogo, ta ɗora bakin bironta a kan jan layin.

Ramatu ta ɗago ta ce wa tsohon, “Baba, yi haƙuri, hwaɗa man sunanka.”

Ya ce, “Shehu.”

Wannan bai dame mu ba, kowa ya san a ƙasar nan duk Usman Shehu ne. Sai wata murya ta fito daga gadon kusa da taga, wani tsohon da ya lulluɓa da bargo: “Ni ma Shehu na.”

Ramatu ta ajiye allurar a faranti. Ta tambayi na farko sunan mahaifinsa, ya ce Muhammadu. Na taga ya ce shi ma. Wani ya yi dariya a ƙarshen ɗakin. Ita ba ta yi ba. Ta tambayi na farko daga wane gari ya zo, ya ce Sambawa. Ta tambaye shi abin da ya kawo shi, ya ce gudawa ce, kwana biyu ko koko bai riƙe ba, shi bai san wani suga ba sai na shayi. Ta sake duba katin, ta juyo gare mu, muryarta ƙasa ƙasa.

“Malam, katin ga na mutumin Mungadi na. Ba wanga ba.”

Ba sai na yi muku bayanin abin da allurar suga za ta yi wa tsohon da ba shi da ciwon, wanda kuma ya kwana biyu cikinsa babu komai ba. Mu uku, da shekarun aikinmu da suka haura sittin in an haɗa, mun tsaya a gadon da ba shi ba, mun kori nas ɗin da ta san su, muna jiran a kira suna mu yi alama. Da ta ce Usman Muhammadu, da tsohon ya ce na'am, da mun ba ta cikakken maki, da ta soka masa. Na nemi bakin gado na zauna.

Aka kira nas ɗin ta tabbatar cewa tsohon da ke kusa da taga shi ne mutumin Mungadi. Ramatu ta auna sugan mutumin Mungadi, ta yi masa allurarsa a hankali, lokaci kuwa ya daɗe da wucewa, babu wanda ya duba. Tsohon Sambawa da ya fahimci abin da ya faru ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce in nasa maganin ya zo, ɗiyar nan ta ba shi, mu manyan mu ɗan matsa.

Muka koma ofis don cike takardu, ina zaton yau dai za mu haɗu a lamba ɗaya. Malam Sahabi ya riga mu rubutawa. Ya ba ta takwas, ya soke jan layin. Ya ce ba don komai ba, doka doka ce, ba ta kira suna ba. Ya ƙara da cewa ɗaliba mai tarbiyya da sai ta ja malaminta gefe ta gaya masa, ba ta kunyata shi a gaban marasa lafiya ba. Mutumin da ya yi kwana biyu yana ba da maki don ladabi, ranar nan ya gano doka. Kunyar kai mu gadon da ba shi ba har lokacin ba ta sake shi ba.

Sista Rahila ta daɗe tana kallon takardarta. Ta ce tun da ta fara wannan aikin ba ta taɓa yi wa abin da ba a yi ba alama. Ta ce an sa layin ne don a tabbatar da mutum, kuma a ɗakin nan mutum ɗaya ce ta tabbatar. Ta yi alamar, ta danna biron har ya kusa huda takardar, ta rubuta sha tara. Na tambaye ta ina ɗayan ya tafi. Ta ce gaisuwar har yanzu ta yi tsawo.

Saura ni. Wannan karon babu tsakiya, layin ba ya karɓar sha biyu. Ɗaya ya soke, ɗaya ta yi alama, su biyu suna kallon hannuna. Ta taga ina hango Ramatu zaune a kan dakali, ta haɗa hannuwa a cinya. Kun san ni, kun san yawan ɗaliban da na mayar baya a kan abin da bai kai wannan ba, ina ce musu ni abin da kunnena ya ji nake rubutawa. Kunnena bai ji sunan ba. Takardar kuma ba ta ce a tambaya ba, cewa ta yi a kira.

Na yi alamar, na sa hannu a ƙasa da cikakken sunana.

Da Hajiya Kulu ta fita ta gaya mata ta ci jarrabawar, Ramatu ba ta yi guɗa ba. Ta rufe fuska da hijabi ta daɗe a haka. Can ta taso ta zo ta durƙusa gabanmu mu uku, har da Malam Sahabi, ta ce masa ya yafe mata abin da ya faru a ɗaki. Ya ce ba komai, bai dube ta ba. Sannan ta juyo gare ni ta ce ta san ba ta cika layin nan ba, in ana so ta koma ta gwada faɗar sunan, za ta rufe ido ta gwada.

Sista Rahila ce ta amsa kafin in buɗe baki. Ta ce mata ta tashi ta je ta ci abinci, kuma in ta koma Andarai, ko da ta ga sunan da take iya faɗa, ta ci gaba da tambaya.